KEMISTIRI A BABBAR SAKANDARE: MAGANA GA IYAYEN YARA NA ZONGO

Kowace shekara, in yaro ya kai aji na uku na ƙaramar sakandare, a kan aiko wa iyayensa da wata takarda. A cikinta za a rubuta makarantun da ya ke so a kai shi bayan jarrabawar BECE, da kuma sashen karatun da zai bi in ya je can. A gidaje da yawa na Zongo, daga Aboabo har Asawase, takardar nan ba ta samun zaman shawara. Uba yana kasuwa, uwa tana bakin tukunya, sai a ce da yaro, "Je ka cika, ka kawo in sa hannu." Shi kuwa yaro, ɗan shekara 14 ko 15, abin da abokinsa ya rubuta shi zai rubuta. Abin mamaki, Alhajin da ba zai sayi huhun goro ba sai ya kwance fita ya duba har ƙasa, shi ne ya ke sa hannu a kan shekara uku na ran ɗansa bai tambayi abin da ke ciki ba.

To, iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, ga abin da ke ciki. Babbar sakandare a ƙasar nan tamu ta Gana ta kasu sassa: akwai sashen kimiyya, akwai na kasuwanci, akwai na adabi da tarihi, akwai na aikin gona, da na tattalin gida, da na zane da sana'ar hannu. Wanda ya shiga sashen kimiyya, cikin manyan darussansa akwai wanda a ke kira kemistiri, watau ilmin sinadarai. Wanda bai karanta shi ba kuwa, ranar da ya gama ya ce yana son ya zama likita, ko likitan haƙori, ko mai haɗa magunguna, ko injiniyan sinadarai, jami'a za ta ce ya kawo sakamakon kemistiri. In ba shi da shi, magana ta ƙare, sai dai ya koma baya ya sake ɗora karatu da kuɗin aljihu. Watau ƙofar nan tun ranar cika takarda ta ke rufewa, amma ba a jin ƙararta sai bayan shekara uku. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗan warware wa jama'a ko mene ne wannan ilmi, da wahalarsa, da ribarsa, don in an sa hannu a sa da sani.

SUNAN MA BA BAƘO BA NE

Waɗansu dattawa suna ɗari-ɗari da shi, suna ganin kamar wani sihirin Turawa ne. Alhali kalmar kimiyya da mu ke faɗi kullum daga Larabci ta zo, daga alkimiya, kuma daga can ne Turawa su ma suka samo kalmarsu ta kemistiri. A ƙarni na 8 na Miladiyya an yi wani masani, Jabir ɗan Hayyan, wanda a ke danganta littattafai masu yawa gare shi a kan narkarwa da tacewa da turara ruwa a tara tururinsa. Bayansa aka yi Abubakar Arrazi, likitan Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekarar 925. Shi ya kasa ma'adinai kashi-kashi, ya kuma bayyana kayan aikin da a ke gwaji da su. Har yau in yaro ya buɗe littafinsa zai tarar da kalmar alkali. Wannan ba alƙalin shari'a ba ne, daga Larabci ne alƙalyu, watau tokar wani tsiro da a ke yin sabulu da ita. Kai, kalmar sinadari ita kanta, kafin 'yan boko su ɗauke ta, sunan wani gishiri ne da maƙera ke sa wa a bakin ƙarfe in za su yi lici.

Amma fa a faɗi gaskiya, mutanen can na dā sun ɓata shekaru suna neman dabarar da za su mai da dalma ta zama zinariya, ba su kuwa samu ba. Ilmin yau ya nuna dalili. Duk abin da ke duniya, dutse da ruwa da nama da iska, an gina shi ne daga waɗansu abubuwa na asali, waɗanda aka san guda 118 yanzu. Zinariya ɗaya ce daga cikinsu, dalma ɗaya, ƙarfe ɗaya, zaiba ɗaya. Ana iya haɗa su, ana iya raba su, amma dahuwa ko jiƙo ba sa mai da wani ya zama wani. Don haka duk wanda ya zo shagonka da kwalba da hoda ya ce zai ninka maka zinariya, ɗan aji ɗaya na sakandare ya isa ya gaya maka ɓarawo ne.

ABIN DA HANNU YA SANI

In an duba, rabin littafin kemistiri yana nan a tsakar gidajenmu. Uwargida mai sayar da shinkafa da wake, wanda Tonawa suka ari sunansa daga bakinmu su ke kira waakye, ta san in ta jefa karan dafi da 'yar kanwa ruwan zai yi ja wur, wake kuma ya yi saurin nuna. Kanwa alkali ce, ita ke jawo launin daga karan, ita ke sassauta fatar wake. Mai sabulun salo tana ƙona ɓawon koko, ta tace tokar, ta dafa ruwan da manja ko man kaɗe. Abin da ke faruwa a tukunyarta, darasi ne guda a shekara ta uku, har da tambaya a jarrabawa. Majemi yana jiƙa fata da bagaruwa don kada ta ruɓe. Mai goro ya san in ya ɓare goro ya ajiye, fuskar za ta rine ta yi duhu, domin iska ta taɓa ta. Abin da ke hana shi barci in ya ci kuwa, sinadari ne mai suna kafin, shi ne kuma a cikin kofi da shayi.

Wanda ya fi ba da mamaki shi ne rini. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina, ko a Daboya ta ƙasar Gwanja ko a garuruwan kakanninmu, ya ga yadda a ke tsamo zane daga cikin baba yana kore-kore, sai a ɗaga shi a iska, kana kallo ya koma shuɗi. Dalili shi ne shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an haɗa shi da toka an bar shi kwanaki ya ruɓa, sa'an nan ya sake kama, ya narke ya shiga cikin zare. Da iska ta buge shi sai ya koma kamarsa ta farko, ya maƙale a cikin zaren, ruwa ba ya fid da shi. Marina sun san wannan aiki ɗaruruwan shekaru, da hanci da harshe su ke gane karofi ya nuna.

To, ga inda maganar ta shafi ɗan kasuwa. A Jamus wani malamin kemistiri, Adolf von Baeyer, ya zauna shekaru yana binciken yadda ƙwayar shuni ta ke a gine, har ya gano a 1883. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ba gona ba ganye. Ba a yi shekara 20 ba noman baba a ƙasar Indiya, wanda dā ya ke ciyar da kasuwannin Turai, ya durƙushe. Mu ma a nan sannu a hankali rinin kanti ya cinye na karofi. Marinanmu sun iya aikin, ba wanda ya fi su. Bajamushen ya san dalilin aikin, sai kasuwa ta bi shi. Haka ya ke faruwa yau da kaɗanya. Matan arewa su tsinto, 'yan kasuwarmu su auna su loda a mota, kamfani ya saya ya raba man gida biyu, mai daskarewa ya tafi cikin cakulan, mai ruwa ya tafi cikin man shafawa, sa'an nan a dawo mana da shi a 'yar kwalba da tsada. Tsakanin buhun kaɗanya da 'yar kwalbar nan, kemistiri ne a tsaye yana karɓar la'ada.

INDA YARA KE FAƊUWA

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe abin mai sauƙi ne. Ba shi da sauƙi. Yaranmu da suka tashi a makarantar allo suna da wata baiwa, watau ƙarfin hadda, kuma tana taimakonsu ƙwarai a watannin farko, sa'ad da a ke koyon sunayen abubuwa da alamominsu da jerin da wani Barashe, Mendeleev, ya tsara a 1869. Shi wannan mutum abubuwa 63 kaɗai aka sani a zamaninsa. Da ya jera su bisa nauyi da hali sai ya ga gurabe, ya bar su fayau, ya ce akwai abubuwan da ba a gano ba tukuna, ya ma faɗi yadda nauyinsu zai kasance. A 1875 aka gano ɗaya, a 1886 aka gano wani, suka kuwa zo kusan yadda ya faɗa. Yaro mai hadda zai haddace jerin nan cikin mako biyu, malami ya yaba masa, ya ɗauka ya gama.

Sa'an nan a zo kan awo, nan ne a ke rabuwa. Tushen kemistiri na zamani ƙa'ida ce guda wadda wani Bafaranshe, Lavoisier, ya tabbatar da ma'auni wajen 1789: abin da ya shiga tukunya da abin da ya fita, nauyinsu ɗaya ne, ba abin da ke ɓacewa. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan, littafin shago ne, shiga da fita sai sun daidaita. In ka ƙona dutsen farar ƙasa kilo 100, za ka kwashe kilo 56. Ina sauran 44? Sun tashi sama, sun zama iska irin wadda mu ke fitarwa in mun numfasa. In ka ƙona gawayi tsantsa kilo 12, zai ci iskar oksijin kilo 32, ya ba da waccan iska kilo 44. Yaro zai yi ta irin wannan lissafi shekara uku.

Da ya ke ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙanta, ba a iya ƙirga su ɗai-ɗai, sai masana suka yi abin da fatake suka yi da goro. Mu mun ce goro 100 ƙwarya ɗaya ne. Su kuma suka ce in ƙwayoyi sun kai wani adadi, kusan 6 da sifiri 23 a bayanta, sunansa mol ɗaya. Ruwa giram 18 mol ɗaya ne, gishiri giram 58.5 mol ɗaya ne. Watau ana ƙirge ne ta hanyar awo, kamar yadda mai ƙusa ke auna kilo ya san guda nawa ya ba ka. Ko wane malamin kemistiri ka tambaya zai gaya maka a kan mol ɗin nan yara su ke tuntuɓe, kuma wanda ya faɗi a nan da wuya ya miƙe, domin duk abin da zai biyo baya a kansa aka ɗora. Hadda ba ta fid da mutum a wurin nan. Sai lissafin kaso da rabo, sai kuma Turanci, don da shi a ke tambaya, kuma sau da yawa yaro ya san amsa, tambayar ce bai gane ba.

Saboda haka, ya kai uba, kafin ka ce ɗanka sai likita, nemi takardun sakamakonsa na shekara biyu da suka wuce ka sa a karanta maka makinsa na lissafi. Ka gwada shi a shago ma. Ka ce olonka 7 na masara sidi kaza ne, nawa ne olonka 12? In ya ba ka amsa yana murmushi, akwai alama. In gumi ya karyo masa, kada ka tura shi sashen kimiyya don maƙwabcinka ya tura nasa. Sashen kasuwanci ba abin kunya ba ne ga jikan fatake.

JARRABAWAR HANNU

A ƙarshen shekara ta uku yara su kan zauna jarrabawar WASSCE, wadda hukumar WAEC ke shiryawa. An kafa hukumar a 1952, babban ofishinta yana Ankara, ita ce kuma ke yi wa Gana da Nijeriya da Saliyo da Gambiya da Laberiya jarrabawa. Yadda aka saba, kemistiri takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓen amsa. Ta biyu ta rubutu ce da lissafi. Ta uku, ita ce mu ke so iyaye su lura da ita, ba a zaune a ke yin ta ba. Yaro zai tsaya gaban tebur awa biyu, da kwalabe da ruwaye, ya yi aiki da hannunsa.

Za a ba shi wani dogon bututun gilashi mai zane-zanen awo da ɗan famfo a gindi, ya cika shi da asid. A ƙasa ya ajiye kwalba da ruwan alkali wanda ya auna daidai, ya ɗiga masa wani rini kaɗan. Sai ya riƙa sakin asid yana kaɗa kwalbar, har ya kai ɗigo guda wanda zai juya launin ruwan. A kan ɗigon nan zai tsaya, ya karanta awo, ya sake yi sau biyu ko uku har amsoshin su yi kusa da juna, sa'an nan ya lissafa ƙarfin ruwan. In hannunsa ya yi rawa ya zarce da ɗigo uku, lissafi ya lalace. Bayan wannan a ba shi wata hoda ba suna, a ce ya gano abin da ke ciki. Ya narka, ya ɗiga wannan, ya ɗiga wancan. In gari ya kwanta kore mai datti, ƙarfe ne iri ɗaya. In ja ne kamar tsatsa, ƙarfe ne iri na biyu. In shuɗi ne mai haske, jan ƙarfe ne. In iska ta fito ta mai da ruwan farar ƙasa kamar madara, ya san dangin kanwa ne.

Jama'a, wannan sana'a ce kamar ɗinki. Ba wanda zai ba yaro almakashi ran farko ya ce ya yanka shadda. Amma akwai makarantun da yaro zai yi shekara biyu da rabi yana kwafar hoton bututun nan daga allo, bai taɓa riƙe shi ba sai saura 'yan makonni jarrabawa. Wani wuri ɗakin gwaji yana nan, kayan ne babu. Wani wuri kaya na nan, yara sun yi yawa, goma a kan bututu guda, ɗaya na yi tara na kallo. Tun da Gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta a watan Satumba na 2017 yara suka ƙaru ƙwarai, abin farin ciki ne, gidaje da yawa na Zongo sun numfasa. Sai dai ɗakin gwaji ba ya faɗaɗa da saurin da aji ke cika. Don haka sunan makaranta kaɗai bai isa ba. Kumasi tana da tsofaffin makarantu da suka yi suna a kimiyya, irin su Prempeh College da aka buɗe a 1949, akwai kuma makarantun da Musulmi suka kafa, amma ko wacce ce, a je a gani da ido.

Maki kuwa daga A1 ya ke farawa, shi ne na ƙoli, ya gangara har F9. Jami'a ba ta karɓar abin da ya gaza C6. A kan tara makin darussa shida, wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne a gaba, 6 ita ce iyakar kyau. Masu neman likitanci a Legon ko a jami'ar Kwame Nkrumah ta nan Kumasi, galibi sai jimlarsu ta tsaya kusa da 6 ɗin nan. Wannan gasa ce ta sa waɗansu ke sayen abin da yara ke kira apo, watau tambayoyin sata. Kada uba ya ba da ko sisi a kan wannan. Sau da yawa na ƙarya ne, in kuma aka kama yaro hukumar ta soke sakamakonsa, wahalar shekara uku ta tafi a banza. Ba ma wannan ba, wa ke so wanda ya saci jarrabawa ya auna wa jikansa magani?

JARI DA RIBA

Ɗan kasuwa zai ce, to, yaushe za a fara cin riba? Ba da wuri ba. Bayan shekara uku na sakandare, likitanci shekara shida ne, haɗa magunguna ma yanzu shida ne, galibin sauran fannoni huɗu, sa'an nan ga hidimar ƙasa. Wanda ya karanta kemistiri zalla a jami'a yana iya zama ya jira aiki, ba mu ɓoye wannan ba. Sa'annin yaron da suka shiga Kejetia ko garejin Suame za su yi aure su haihu shi yana ɗauke da jakar littattafai. Uban da ba zai iya jure wa maganar mutane a kan wannan ba, gara ya sani tun yanzu.

Wuraren aikin dai suna nan: asibitoci da ɗakunan awon jini, ma'adinan Obuasi da Tarkwa, kamfanin ruwa, hukumar kula da abinci da magunguna, hukumar ingancin kaya, cibiyar binciken koko ta Tafo, da aikin man fetur tun da aka fara haƙo shi a tekunmu a 2010. Masu maganin gargajiya ma su saurara. Tun 1975 akwai cibiya a Mampong ta Akuapem inda a ke gwada saiwoyi da sassaƙe, jami'ar Kumasi kuma tana da fannin maganin itatuwa. Ɗan mai magani da ya gaji sanin ubansa, ya ƙara da sanin awo, ya san cokali nawa ne magani cokali nawa ne guba, wa zai kama ƙafarsa?

Akwai kuma jarin da ba na kuɗi ba, shi ne lokaci. Yaron da ke jeka-ka-dawo, in ya sauka daga makaranta aka ce ya tsare shago har isha'i, ya ɗauki kemistiri da suna ne kawai. Darasin nan yana son awa guda ko biyu kowane dare, da fensir a hannu, ana warware lissafi. A nan 'yan mata suka fi cutuwa. Ita ce ɗiban ruwa, ita ce wanke-wanke, ita ce kai tallan koko da asuba, sa'an nan in sakamako ya fito a ce ai dā ma kimiyya ta maza ce. Wa ya faɗa? Gasar kimiyya da lissafi da yaranmu ke kallo a talabijin, wadda aka fara a 1993, mace ce ta fara yi wa 'yan makaranta tambayoyi a cikinta, Farfesa Marian Ewurama Addy ta Legon, kuma fanninta reshe ne na kemistiri. Mu da kullum mu ke kukan matanmu ba sa samun likita mace a asibiti, daga gidan wa mu ke so ta fito? Wanda kuma ke ganin Musulmi ba ya nisa a fannin nan, ya tambayi labarin Ahmed Zewail na Masar, wanda ya karɓi lambar Nobel ta kemistiri a 1999.

KO BAI ZAMA LIKITA BA

Akwai wata riba da ba a lissafa ta da albashi. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta ɗebi manja daga manyan kasuwannin Ankara ta gwada, ta tarar kusan duka an zuba masa wani jan rini mai suna Sudan na huɗu (ba ruwansa da ƙasar Sudan, suna ne kawai), rinin da a ke sa wa man takalmi da makamantansa, wanda a ke tsoron yana jawo ciwon daji. Da yawa daga matan da ke sayarwa sari suka yi, ba su san abin da ke ciki ba, amma su ciniki ya guje wa. A 2016 aka hana shigo da man bilicin mai sinadarin haidirokwinon. 'Yan hatsi suna jefa wata ƙwaya a cikin buhun masara don ƙwari. Ƙwayar nan da ta sha laima sai ta saki iska mai kisa, in aka ajiye buhunan a ɗakin da a ke kwana ana iya wayar gari da gawa. Haka kurfoti a ɗaki rufe lokacin hunturu: gawayi in bai sami isasshiyar iska ba, wata iska ya ke fitarwa marar wari marar launi, mutum ya yi barci ya zarce.

Ga kuma samarinmu da ke tafiya galamse. Suna murza zaiba da hannu a cikin yashi ta kama zinariya, sa'an nan su ƙona curin a wuta, zaiba ta tashi, su shaƙa. Ba ta fita jiki da sauƙi, ƙwaƙwalwa da ƙoda ta ke ci, wadda ta zube kuwa ta bi Offin da Pra ta shiga kifi. A garin Minamata na Japan, a 1956, aka fara ganin abin da zaiba ke yi wa mutanen da suka ci irin wannan kifi, har yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan zaiba ta ɗauki sunan garin. Duk waɗannan suna cikin abin da ɗan sakandare ke iya fahimta. Gidan da ke da yaro ɗaya mai wannan sani, akwai wanda zai karanta jikin kwalba ya ce, "Baba, kada a ajiye wannan a ɗaki."

Wanda ke so ya gwada sha'awar ɗansa tun bai kai ga cika takarda ba, ga hanya mai arha. A jiƙa zoɓo, wanda a nan a ke kira sobolo, a tace, a zuba a kofi uku na gilashi. A bar na farko yadda ya ke. A matsa lemun tsami a na biyu, zai ƙara ja ya yi haske. A zuba ruwan kanwa a na uku, zai yi duhu ya juya wajen kore. Sa'an nan a riƙa ɗiga lemun a cikin na ukun, zai yi 'yar kumfa, jan ya dawo. Wannan shi ne aikin bututun jarrabawa, ba ragi. A lura da yaron. Wani zai ce "Kai!" ya tafi ƙwallo. Wani kuwa zai koma madafa ya ɗebo toka da tsamiya da sabulu da omo, ya ce sai ya ga abin da kowanne zai yi.

In naka na biyun ne, kuma lissafinsa ya tsaya, to, kafin a rubuta sunan kowace makaranta a sami rana guda a rufe shago. A ɗauki wani ɗan unguwa da ya yi karatun kimiyya, a je a gai da shugaban makarantar, a roƙi a ga ɗakin gwaji. A duba ko famfo na kawo ruwa, ko kwalaben da ke kan kanta da abu a ciki. A tambayi malaman kemistiri nawa ne, yara nawa ne a aji. A tare wani ɗan aji biyu a waje, ba gaban malami ba, a tambaye shi sau nawa ya taɓa riƙe bututun awo da hannunsa. In ya ce sai an shiga aji uku tukuna, a yi godiya, a nemi wata makarantar a sa a layin farko.